Darasi na Tara: Haraji da Kuɗin Gwamnati a Idon Masu Son a Sakar wa Kasuwa Mara

Wanda ya zaga tsofaffin unguwannin Landan zai ci karo da abin da zai sa ya ja ya tsaya. Ga gida mai hawa uku, ginin jan bulo, tagogi sun jeru reras, amma ɗaya ko biyu a cikinsu an liƙe su da bulo, sai shacin wurin kaɗai ya rage. Wasu dai adon magina ne, wasu kuwa tabon haraji ne. A 1696 gwamnatin Ingila tana neman kuɗi, mutanen ƙasar kuma ba su yarda wani jami'i ya zo yana tambayarsu nawa suke samu ba. Sai aka ɓullo da dabara: a tsaya a titi a ƙirga tagogi. Mai babban gida tagoginsa sun fi yawa, shi zai fi biya. A takarda abin ya yi ma'ana.

Mai gida ya fito ya ƙirga nasa, ya ga goma ne cif, kuma daga goma kuɗin ke fara hawa. Ya kira magini aka toshe ɗaya. Masu gidajen haya suka fi kowa ƙwazo wajen toshewa, tunda ba su ke kwana a ciki ba. 'Yan haya suka zauna cikin duhu, likitoci suka yi ta kukan cuta na yaɗuwa a ɗakunan da iska ba ta ratsawa, amma sai a 1851 aka soke harajin, bayan shekara 155.

Ku lura da tagar nan da aka toshe. Baitulmali bai ci kwabo a kanta ba, mai ɗaki kuma ya rasa iska da haske. Asara ce da ba ta faɗa aljihun kowa ba. Mu ma mun san irinta. A zamanin jangali, da an ji mai ƙidayar shanu na tafe, sai makiyayi ya kora rabin garke cikin daji ko ya tsallaka ƙasar wani hakimi, ya bar ciyawa da ruwa a baya. Shanu sun rame, hukuma ba ta samu ba.

Mutanen da za mu karanta a wannan darasi irin wannan asara suke fara nema duk lokacin da aka ambaci haraji. Su ne masu cewa ciniki tsakanin mutane, matuƙar ba a yi wa kowa dole ba, ya fi umarnin hukuma iya tsara wa zai noma me, wa zai sayar da me, kuma a nawa. Za mu kira su masu son a sakar wa kasuwa mara. Bakinsu bai zo ɗaya a komai ba. Akwai 'yan tsiraru a cikinsu da ke ganin haraji ƙwace ne da aka naɗa wa rawani, mafi yawansu kuwa sun yarda da shi kamar yadda ake yarda da magani mai ɗaci, a sha daidai awo. Ba sai kun yarda da su za ku ci jarrabawa ba. Abin da ake so shi ne ku san hujjarsu yadda su da kansu za su kawo ta, domin yawancin shawarwarin da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka riƙa ba ƙasashenmu tun shekarun 1980 daga wannan rijiya aka ɗebo su.

Mai kwastan da ya zama limamin kasuwa

Kakan gidan shi ne Adam Smith, mutumin Skotland, wanda aka haifa a garin Kirkcaldy a 1723. Littafinsa a kan arzikin al'ummai ya fito a 1776. Masu jin sunansa daga nesa sukan ɗauka maƙiyin haraji ne, alhali mahaifinsa ma'aikacin kwastan ne, shi kansa kuma shekara biyu bayan fitar littafin aka naɗa shi kwamishinan kwastan a Edinbara, ya riƙe aikin har ya mutu a 1790.

Smith ya ware wa hukuma aikinta: ta tsare ƙasa daga mahara, ta tsayar da shari'a yadda mai ƙarfi ba zai danne marar ƙarfi ba, ta kuma yi ayyukan da kowa ke mora amma babu ɗan kasuwar da zai mayar da kuɗinsa in ya yi su shi kaɗai, kamar hanyoyi da gadoji da tashoshin jiragen ruwa, har da tallafa wa makarantun 'ya'yan talakawa. Duk waɗannan kuɗi suke ci, saboda haka haraji ya zama dole. Damuwarsa tana kan yadda ake karɓa. Ya ce kowa ya biya gwargwadon ƙarfinsa, har ma a wani wuri ya nuna ba laifi mai kuɗi ya biya fiye da kasonsa. Ya ce a karɓa lokacin da mai biya ya fi samun sauƙi, wato manomi a tuntuɓe shi da kaka, kada a tsare shi da bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ya ce kada ɗawainiyar karɓa ta cinye abin da aka karɓo.

Sharaɗin da ya fi ba nauyi, wanda kuma ya fi shafar mu, shi ne tabbas. Mai biya ya san nawa ne, yaushe ne, a hannun wa zai ba da, kuma kowa ya san haka. A ganin Smith, haraji mai ɗan rashin adalci da aka san adadinsa ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda adadinsa ke bakin mai karɓa, domin da zarar kuɗin ya zama abin ciniki, mai karɓa ya zama sarki, cin hanci kuma ya samu ƙofa.

Ku bi motar albasa daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Direba ya san kuɗin gas, ya san na yaran mota. Abin da bai sani ba shi ne shinge nawa zai tarar a wannan zuwan. Nan a ce takardar ƙaramar hukuma, can a ce ta kayan gona, gaba a ce sitikar da ya saya jiya ba ta aiki a wannan yanki. Wani ya ba da rasit, wani ya ce rasit ya ƙare. In ya tsaya gardama, albasa na gumi a bayan mota. Tunda bai san iyakar abin ba, sai ya yanka kuɗin dako da faɗi don kada ya dawo da asara. Mai kaya ya rage abin da zai ba manomi, ya ƙara wa mai saye. Ko da duk abin da aka karɓa a hanya bai taka kara ya karya ba, rashin sanin adadinsa ya riga ya hau kan kowane buhu. Da Smith zai hau motar nan, kafin ya tambayi ko kuɗin ya yi yawa sai ya tambayi a ina aka rubuta shi.

Ibn Khaldun a teburin cin abinci

Kusan shekara 400 kafin littafin Smith, wani malami haifaffen Tunis, Abdurrahman Ibn Khaldun, ya killace kansa a wata ganuwa a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta Muƙaddima a 1377. Ya yi wa sarakuna da dama aiki, ya ga hawan dauloli da faɗuwarsu da idonsa. Abin da ya lura da shi shi ne sabbin masu mulki buƙatunsu kaɗan ne, sai su aza haraji mai sauƙi. Manomi da ɗan kasuwa su ga riba na zama a hannunsu, su ƙara himma, baitulmali ya cika. Jikoki su taso cikin fada, dogarai da barori su ƙaru, a ƙara haraji, a ƙirƙiro sababbi a kasuwa, har mai gona ya auna ya ga wahalarsa ta fi abin da za a bar masa, ya saki hannu. Sai a wayi gari abin da ake yankawa ya yi sama, abin da ake tarawa ya yi ƙasa. Ya kuma gargaɗi sarki kada ya shiga kasuwa da kansa, don ba a ciniki na gaskiya da mai dogari a bayansa.

A 1974, a wani gidan cin abinci a Washington, wani masanin tattalin arziki mai suna Arthur Laffer ya zana wa jami'an fadar Shugaba Gerald Ford wannan tunani a kan tsumman goge hannu. Idan haraji sifili ne, gwamnati ba ta samun komai. Idan kashi 100 cikin 100 ne, nan ma ba ta samun komai, don ba wanda zai yi aiki a kwashe duka. Ashe a tsakani akwai wani tudu inda samu ya fi yawa, wanda ya wuce shi kuma gangara yake. Laffer da kansa ya ce tunanin ba daga gare shi ya faro ba, ya ambaci Ibn Khaldun, Shugaba Ronald Reagan ma ya kira sunan malamin a gaban 'yan jarida a 1981.

Zancen gaskiya ne, sai dai bai faɗa muku a wane gefen tudun kuke tsaye ba. Mu ɗauki misali. Kasuwa tana da rumfa 200, kowace naira 1,000 a wata, ƙaramar hukuma na tara naira 200,000. Aka mayar da kuɗin naira 5,000, mutum 170 suka kwashe kayansu suka koma bakin titi, saura 30, abin da aka tara ya dawo naira 150,000. A nan, rage kuɗin rumfa zai ƙara wa hukuma samu. To amma a ce daga naira 1,000 aka sauko zuwa 500. Rumfunan dama 200 ne kuma a cike suke, samu ya koma naira 100,000, an yi asarar rabi. Gana ta ga gefen farko na wannan lissafi a 2022, lokacin da ta aza kashi 1.5 cikin 100 a kan tura kuɗi ta waya. Mutane da yawa suka koma tsabar kuɗi, abin da aka tara bai ko kusanci abin da aka yi hasashe ba, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025.

A Birtaniya, lokacin da Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, harajin da ke kan saman albashin manyan masu samu kashi 83 cikin 100 ne. Ta sauke shi zuwa 60 a shekarar, zuwa 40 a 1988. Amma a kasafin 1979 ɗin ne dai ta ɗaga harajin sayen kaya daga kashi 8 zuwa 15, wanda mai kuɗi da talaka ke biya a kanti ɗaya. Ta sauya kafaɗar da ke ɗauke da kayan, kayan suna nan. A Amurka, Reagan ya tarar da kashi 70, ya bar shi a 28. Tattalin arziki ya bunƙasa a yawancin shekarunsa, magoya bayansa suna nuna wannan har yau. Sai dai kuɗin soja ya ƙaru, sauran kashe-kashe ba su ragu yadda aka yi alkawari ba, bashin gwamnatin tarayya da bai kai dala tiriliyan 1 ba da ya hau ya haura tiriliyan 2.5 da ya sauka. Tun a 1982 ma sai da ya sa hannu a dokar da ta dawo da wani ɓangare na harajin. Jihar Kansas ta sake gwadawa a 2012, ta zabtare haraji da fatan kasuwa za ta cike giɓin. Bai cike ba, aka riƙa taɓa kuɗin hanyoyi ana matse makarantu, har a 2017 'yan majalisar jam'iyyar gwamnan da kansu suka janye yawancin rangwamen duk da ƙin amincewarsa.

A ganina, nan ne hujjarsu ta fi rauni: cewa rage haraji kullum yana biyan kansa. Masanansu na ƙwarai ma ba su cika faɗin haka ba. 'Yan siyasa ne suka so zancen, don yana da daɗin faɗa a kan dandamali.

Aljihu uku na gwamnati

Milton Friedman, malamin Jami'ar Shikago da ya samu kyautar Nobel a 1976, ya juya tambayar ta wata fuska. Ya ce ku daina kallon abin da gwamnati ke karɓa, ku kalli abin da take kashewa, domin shi ne ainihin nauyin da ke kanku. Gwamnati ba ta da gona ta kanta. Duk nairar da ta kashe daga ɗayan wurare uku ta fito. Ko ta karɓa yau da sunan haraji. Ko ta ranto, wato harajin gobe ke nan da ruwa a kai, kuma wataƙila yaron da bai isa zaɓe ba shi zai biya. Ko kuma ta sa babban banki ya ƙirƙiro kuɗi, kuɗin su yi yawa kaya ba su ƙaru ba, farashi ya tashi. Friedman na ɗaukar wannan na uku a matsayin harajin da ba a kai gaban majalisa ba, kuma wanda ya fi cin mai albashi da mai fansho da matar da ta ajiye kuɗin adashinta a ƙarƙashin katifa.

Ba sai mun je nesa ba. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta ƙayyade cewa rancen wucin gadi da bankin zai ba gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata. Zuwa 2023 irin wannan rance ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7, aka kai wa Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashi mai dogon zango. Ba shi kaɗai ya jawo tsadar da ta biyo baya ba, akwai cire tallafin mai da faɗuwar naira da rashin tsaro a gonaki. Amma wanda mudun masara ya gagare shi ya biya kasonsa na wancan rance, ko da ba a taɓa yanka masa rasit ba.

Me ya sa suke tsoron kashewar gwamnati haka? Friedman ya ce hanyoyin kashe kuɗi huɗu ne. Mu je kara da jajiberin Babbar Salla mu gani. Ga mutum da kuɗinsa zai saya wa gidansa rago. Ya dafa gadon baya, ya buɗe baki ya duba haƙori, ya ɗaga wutsiya, ya taya, aka ce albarka, ya juya kamar zai tafi, sai da aka kira shi aka sallama. Ya kula da kuɗi, ya kula da rago. Ga shi kuma zai saya wa wani ɗan'uwa na nesa da za a aika wa a mota. Kuɗin nasa ne, cinikin yana nan da zafi, amma haƙori bai samu dubawa sosai ba. Ga yaron alhaji da aka ce ya zaɓi nasa, maigida zai biya. Ya nufi mafi girma a turke, bai ko taya ba. Na huɗu shi ne ɗan kwamitin da aka damƙa wa kuɗin wasu ya saya wa mutanen da bai sani ba. Kuɗin ba nasa ba, naman ba zai shiga tukunyarsa ba, dillalin kuma wataƙila ƙanen matarsa ne. Yawancin kuɗin gwamnati, in ji su, a hannu na huɗu yake. Ba sai ma'aikaci ya zama ɓarawo ba, ko mutumin kirki ne babu abin da ke tsikarinsa ya duba haƙori.

Wani Bafaranshe, Frederic Bastiat, ya ƙara musu makami a 1850: a riƙa auna abin da ido ke gani tare da abin da ba ya gani. Gwamna ya gina ƙatuwar ƙofar shiga gari, an yanka zare, an ga leburorin da suka samu aiki. Ba wanda ya ɗauki hoton keken ɗinkin da tela bai ƙara ba, ko yaron da bai ɗauka koyo ba, saboda kuɗin ya tafi haraji. Idan suna neman misali a gida, sukan nuna kamfanin ƙarfe na Ajakuta, da aka soma ginawa tun ƙarshen shekarun 1970 kuma har yau bai kama aikin da aka gina shi dominsa ba. Sukan kuma tuna muku wayar tarho: ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 layukanta ba su kai rabin miliyan ba, sai da aka ba kamfanoni lasisi a 2001 waya ta shiga hannun mai shayi.

Harajin da ba shi da rasit

Dattawan cikinku sun ga dalar gyaɗa a Kano. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne akwai haraji a ƙarƙashinta. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe sayen gyaɗar da ake fitarwa waje, a 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi, wakilanta masu lasisi ke saye, ita kaɗai ke sayarwa a ƙetare. Hujjar ita ce a tara rara a shekarar tsada don a tallafi manomi a shekarar araha. Abin da ya faru shi ne shekara da shekaru ana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar kuma tana tafiya inda gwamnati ta ga dama.

Wani masani haifaffen Hungari da ke koyarwa a Birtaniya, Peter Bauer, ya yi bincike a yankinmu ya fitar da littafi a kan cinikin Afirka ta Yamma a 1954. Ya nuna cewa wannan rata haraji ce mai nauyi a kan mutanen da suka fi kowa ƙarancin samu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manomi bai karanta Bauer ba, amma jakinsa ya san hanyar iyaka, gyaɗa ta riƙa tsallakawa tsakanin Najeriya da Nijar zuwa duk ɓangaren da sikeli ya fi biya. A yi adalci: an yi ayyukan raya ƙasa da wani kaso na kuɗin, kuma abin da ya rushe dalar ya haɗa da farin farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin hukuma. Da aka rushe hukumomin a 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, manomi ya samu 'yancin sayar wa wanda ya so, ya kuma rasa mai duba ingancin kaya da mai tsaya masa ranar da farashi ya faɗi.

Inda ake ja da su

Babban abokin jayayyarsu shi ne John Maynard Keynes na Birtaniya. Bayan karyewar tattalin arzikin duniya da ta faro a 1929, ya rubuta a 1936 cewa akwai lokacin da kowa ke ƙulle aljihunsa don tsoro, masana'antu su rufe, ma'aikata su zauna. A irin wannan hali telan Bastiat ba zai sayi keke ba ko an bar masa kuɗinsa, saboda haka in gwamnati ta ranto ta yi aiki, ba ta ƙwace wa kowa komai ba, hannayen da ke zaune ta tayar.

Akwai kuma ƙasashe irin su Denmak, inda haraji ke cin sama da kashi 40 cikin 100 na duk abin da ƙasa ke samarwa, amma kasuwanci na tafiya, mutane na biya ba tare da an bi su da sanda ba, don suna ganin asibiti da makaranta. Najeriya kuwa abin da take tarawa wajen kashi 10 ne, duk da haka ba a ce kasuwarta ta fi ta Denmak walwala ba. Wanda ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi janareta, ya biya ɗan banga, ya kai yaro makarantar kuɗi, ya biya harajinsa sau huɗu ga wasu masu karɓa daban. Ƙaramar gwamnati da gwamnati marar ƙarfi ba abu ɗaya ba ne, kuma Smith da ya sa shari'a da hanyoyi a wuyan hukuma zai fi kowa saurin faɗin haka.

Sai maganar wa ake rage wa, wa ake ƙara wa. Thatcher ta kawo harajin kai, inda attajiri da mai share titi a ƙaramar hukuma ɗaya ke biyan kuɗi ɗaya. Aka yi tarzoma a tsakiyar Landan ranar 31 ga Maris, 1990, kafin ƙarshen shekarar ta bar mulki, kuma wannan haraji na cikin abubuwan da suka kayar da ita. Mu nan mun san ɗacinsa tun kafin su. Waɗanda suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, 'yan jam'iyyar PRP ne, mutanen da ba su haɗa hanya da Friedman ba ko kaɗan. Ashe ƙin wani haraji bai mai da mutum ɗan wannan makaranta ba. Shi ma Friedman ba haka kawai ya ce a watsar da talaka ba. A 1962 ya ba da shawarar duk wanda samunsa bai kai wani mataki ba, hukumar haraji ta cike masa wani ɓangare na giɓin da tsabar kuɗi, maimakon a tallafa wa kaya. Da wannan hujja mabiyansa suka daɗe suna sukar tallafin man fetur, wanda ya ci sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kuma mai motoci biyar ya fi mai tafiya a ƙasa morarsa. Da aka cire shi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Rabin farko na shawarar ya iso kowane gida a mako guda. Rabi na biyu, wato kuɗin da za a miƙa wa talaka a hannu, ku ne shaidun ko ya iso unguwarku.

Wani lokaci ma kasuwar da kanta ke yanke hukunci. Ranar 23 ga Satumba, 2022, ministan kuɗin Birtaniya Kwasi Kwarteng, wanda iyayensa 'yan Gana ne, ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da ya nuna inda za a rage kashewa ba. Masu ba gwamnati rance suka yi lissafin da Friedman ya koyar, suka ga aljihu na biyu za a shiga, suka tsawwala ruwa. Fam ya faɗi ƙasa da duk inda ya taɓa kaiwa a kan dala, sai da Bankin Ingila ya shigo ya tare. Aka sallami ministan cikin mako uku, Firayim Minista Liz Truss kuma ta bar ofis bayan kwana 49 da hawa.

Aikin gida

Ku ɗauki mako guda kuna rubuta duk kuɗin da kuka biya wata hukuma ko wani mai tsayawa da sunanta: tikitin kasuwa, kuɗin tasha, harajin da ke cikin katin waya, abin da aka cire a albashi. A gaban kowanne ku rubuta ko an ba ku rasit, da ko kun san adadinsa kafin a tambaye ku. Ku zo da takardar aji mu auna ta da sharuɗɗan Adam Smith.

Ku zaɓi aikin gwamnati guda a garinku, wanda aka gama ko wanda aka yasar. Ku rubuta layi goma a kan abin da Bastiat zai ce ba a gani ba, sannan layi goma a kan amsar da Keynes zai ba shi.

A misalin rumfunan kasuwa, a ce an mayar da kuɗin naira 2,000, mutum 60 suka fice. Nawa ƙaramar hukuma za ta tara, kuma a wane gefen tudun Laffer take tsaye?